Kwana Tara a Birnin Mujiya

Asalin wannan tafiya wani hoto ne da tsohon abokina ya turo mini ta WhatsApp. Tare muka yi karatun zane a Zariya, daga baya shi ya bi duniya har ya zauna a Atens, babban birnin ƙasar Girka, ni kuwa na dawo Kano na kama koyar da zane a makarantar sakandare, yau shekara 16 ke nan. Hoton na fuskar mujiya ne da aka zana a jikin wani tsohon gini har ta cinye bango biyu. A ƙarƙashinsa ya rubuta cewa masu zanen garin suna ɗauko hikayoyin Girkawan dā suna ɗora su a kan kangaye da rufaffun shaguna, kuma idan ban zo na gani da idona ba, duk bayanin da zai yi mini ɓata baki ne. Na yi kusan shekara biyu ina tari kafin kuɗin su cika.

Neman biza ya kai ni Abuja sau biyu, da takardar gayyata da ta banki da inshorar lafiya da kuɗin biza yuro 90. Da ta fito, na bar Kano bayan sallar asuba wata Talata a watan Oktoban 2024, muka bi ta Zariya da Kaduna, muna tsayawa a shingayen jami'an tsaro ana leƙa but ana sallamar mu, muka shiga Abuja da la'asar. Jirgi ya kai mu Santambul, na yi zaman jira na awa huɗu, sannan wani jirgin ya sauke mu a Atens cikin kimanin awa ɗaya da rabi. Jami'in shige da fice ya tambaye ni inda zan sauka da ranar da zan koma da abin da ya kawo ni. Da na ce masa zanen bango na zo kallo, ya ɗago kai ya dube ni, ya sake duba takardar gayyatar, ya buga hatimi.

Abokina yana jira na a bakin fita. Muka rungume juna, ya ce, "Malam, sannu da hanya, yau dai Allah ya yi." Muka sayi tikitin jirgin ƙasa na yuro 9 zuwa cikin gari, kuma a canjin da aka ba ni na fara haɗuwa da abin da na zo nema. A bayan kwandalar yuro ɗaya ta Girka akwai mujiya da reshen zaitun, waɗanda aka kwaikwayo daga kuɗin azurfar da birnin yake bugawa fiye da shekara 2,400 da suka wuce. A bayan ta yuro 2 kuma akwai wata mace a kan bijimi, wato Yurofa, wadda hikaya ta ce Ziyus, babban allan Girkawan dā, ya rikiɗa ya zama sa ya gudu da ita, kuma sunanta nahiyar Turai take amsawa a harsunansu. Na daɗe ina jujjuya kwandalar mujiyar a tafin hannuna. A wurinmu mujiya tsuntsuwar mugun alkaba'i ce, idan ta yi kuka a kan rufin gida tsofaffi sukan yi ta'awwuzi, kuma wanda jama'a suka tsana akan ce an mayar da shi mujiya. A can ita ce tsuntsuwar Atina, wadda mutanen dā suka ɗauka allahiyar hikima kuma mai tsaron birnin, don haka duk inda aka zana ta ana nufin basira da ganin abin da duhu ya ɓoye.

Na sauka a unguwar Metaksurgiyo, a wani ɗaki da wata dattijuwa take bayarwa haya a hawa na uku, yuro 40 kowane dare. Sunan unguwar yana nufin masana'antar siliki, domin an taɓa yin ta a wurin a ƙarni na 19, kuma ginin yana nan har yanzu, an mayar da shi gidan baje kolin zane na hukumar birni. Tun a tashar jirgin ƙasa ta unguwar abokina ya tsayar da ni gaban wasu manyan zane-zane na Alekos Fasiyanos, wanda aka haifa a 1935 ya rasu a 2022. Mutanen da yake zanawa a gefe suke fuskanta kamar na jikin tsofaffin tukwanen Girka, da launi ɗaya shimfiɗe, ja ko shuɗi ko ruwan zinariya, iska tana kaɗa gashinsu, amma za ka same su a kan keke ko a bakin taga kamar kowane maƙwabci. Abokina ya ce in riƙe wannan a raina, domin Fasiyanos ya sauko da jaruman hikaya cikin unguwa tun tana da sauran walwala, waɗanda suka biyo bayansa kuwa sun tarar da ita ta tsufa ta talauce.

Washegari da hantsi muka tafi wurin mujiyar, tafiyar da ba ta kai minti goma ba a ƙasa. Hanyar kanta darasi ce. Gidaje ne na ƙarni na 19 masu ginshiƙai da baranda ta ƙarfe, an toshe tagoginsu da bulo, filasta ta zube, itacen ɓaure ya fasa rufi ya fito, kusa da su kuma dogayen benayen siminti da aka yi ta ginawa bayan 1950. Babu bangon da fenti bai taɓa ba, daga sunayen matasa da aka rubuta cikin gaggawa har zuwa manyan ayyuka da sai an hau injin ɗaga mutum. Mujiyar tana daidai kusurwar da tituna biyu suka haɗu. Mai zanen, wanda aka sani da laƙabin WD, haifaffen tsibirin Bali ne a Indonesiya da ya zauna a Atens, kuma ya yi aikin a 2016. Ya sa bakin tsuntsuwar ya faɗo daidai kan kaifin kusurwar ginin, kowane ido a bango ɗaya, ta yadda idan ka taho ta titi ɗaya rabin fuska kake gani, sai ka tsaya a tsakiyar mararrabar fuskar take haɗuwa ta zuba maka ido. Sunan da ya ba aikin yana nufin ilimi yana magana, hikima tana saurare.

Na matsa har na taɓa bangon. Abin da hoto bai nuna mini ba shi ne yadda fentin ya bi ramuka da tsagogin ginin ba tare da an cike su ba. Inda filasta ta ɓantale aka ga dutsen ciki, mai zanen ya bar shi ya zama duhun gashin tsuntsuwar. Ni da na saba gaya wa ɗalibai cewa aikin farko shi ne a goge bango a yaɓe shi ya yi sumul, na tsaya ina kallon aikin da lalacewar ginin ta zama rabin kayan aikinsa. Da an ɗauke wannan fuska an maƙala ta a farin bangon gidan tarihi, da ta zama kyakkyawar mujiya kawai. A wurin da take, tana kallon kwandon shara da wani mutum da ke barci a kan kwali a tsallaken titi, kuma duk wanda ya tsaya gabanta dole ya ji cewa tambayarsa take yi yadda garin da ya yi suna da hikima ya bar gidajensa da mutanensa haka.

Amsar tambayar na same ta da daddare a wurin mai masaukina, wadda ta dafa mana gahawa mai kauri a ƙananan kofuna, abokina yana fassara. Ta ce tun 2010, lokacin da ƙasar ta kasa biyan bashinta ta karɓi rancen ceto bisa sharaɗin tsuke bakin aljihu, aka yi ta yanke fansho da albashi. A 2013 fiye da mutum ɗaya cikin huɗu na masu aiki da masu nemansa ba su da shi, a cikin matasa kuwa abin ya wuce rabi. A lokacin zafi na 2015 an rufe bankuna, aka ƙayyade wa kowa yuro 60 a rana daga na'urar cire kuɗi, ita ma ta bi wannan layi cikin rana. Ɗanta guda ya tafi Jamus aiki bai dawo da zama ba, kamar dubban ɗaruruwan matasan da suka bar ƙasar a waɗannan shekaru. Shagunan da suka mutu a lokacin, ƙofofinsu na ƙarfe suka zama allon masu zane. Sai dai ba ta yabi zanen gaba ɗaya ba. Ta ce tun da baƙi suka fara zuwa ɗaukar hoton bangaye, masu gidaje suka gano cewa ba wa ɗan yawon buɗe ido ɗaki na kwana uku ya fi ba wa iyali na wata, haya ta tashi, maƙwabtanta na shekara 30 suka kwashe kaya. Ta faɗi haka tana sane da cewa ni ma irin wannan baƙon ne, kuma ita ma da kuɗin ɗakin take cike giɓin fanshonta. Na ga gaskiyarta, kuma maganar ta bi ni duk sauran kwanakin.

Batun abinci bai ba ni wahala ba da zarar na san abin da zan tambaya. Naman da ake yankawa a naɗe cikin gurasa, wanda a lokacin ake sayarwa a kowane lungu a kan kimanin yuro 4, yawancinsa na alade ne, saboda haka muka riƙa zuwa shagunan 'yan Pakistan da Bangaladash da ke kewayen dandalin Omoniya, inda ake samun shinkafa da naman halal. Da safe nakan sayi wani zagayayyen burodi mai riɗi da suke kira kuluri, da zaitun da cuku daga babbar kasuwar titin Atinas. A kusa da Omoniya ɗin, a titin Pireyos, akwai wani dogon bene da aka zana hannaye biyu a haɗe kamar na mai addu'a, an ɗauko su daga wani tsohon zanen Bajamushe Durer, amma an juya su suna kallon ƙasa maimakon sama. An yi shi a 2011, a tsakiyar matsin, kuma ko ba a yi wa mutum bayani ba zai gane cewa garin ake yi wa addu'a. Ranar Juma'a mun yi salla a masallacin unguwar Botanikos, wanda aka buɗe a 2020, shi ne na farko da hukuma ta gina a birnin tun bayan ƙarshen mulkin Daular Usmaniyya, kuma ba shi da hasumiya.

A rana ta huɗu na biya yuro 20 na hau dutsen Akrofolis, domin na ga bai kamata in kalli reshe ban ga tushe ba. An fara gina Fartenon, haikalin Atina da ke kan dutsen, a shekara ta 447 kafin haihuwar Annabi Isa, daga baya ya zama coci, sannan masallaci, har 1687 lokacin da harsashin sojojin Benis, wani birni da ke Italiya a yau, ya faɗa kan albarushin da aka ajiye a ciki ya tarwatsa tsakiyarsa. A gefe akwai itacen zaitun da ke tuna wa mutane hikayar gasar Atina da Fosaidon, wanda suka ɗauka allan teku, a kan wanda zai mallaki birnin: shi ya bugi dutse ruwan gishiri ya ɓuɓɓugo, ita ta fitar da zaitun, aka zaɓe ta. A gidan tarihin da ke gindin dutsen, wanda aka buɗe a 2009, na ga mutum-mutumin mata biyar da suka ɗauki rufin gini a kansu, an bar gurbin ta shida babu komai, domin wani jakadan Birtaniya mai suna Elgin ya ɗauke ta a farkon ƙarni na 19 kuma tana Landan har yau. Wanda ya san labarin kayan tagullar Benin da aka kwashe a 1897 ba ya buƙatar a fassara masa wannan gurbi. Ya kamata in faɗa a nan cewa ni Musulmi ne, waɗannan abubuwa a wurina hikayoyi ne da aikin hannu, kuma Girkawan da na haɗu da su, waɗanda mafi yawansu Kiristoci ne, haka suka ɗauke su, kamar yadda muke ba da labarin Bayajida ba tare da ya taɓa imaninmu ba.

Ranar da ta fi kowace zauna mini a rai ita ce ta shida, da abokina ya kai ni ɗakin aikin wata mai zane a unguwar Psiri, a wani tsohon shagon masu aikin fata da har yanzu ƙugiyoyin rataye fatu suke jikin rufinsa. Ita a kan ƙyalle take aiki da fentin mai, amma kafin ta fara takan shafa wa ƙyallen siminti da yashi, ta liƙa yagaggun takardun talla da ta ɓamɓaro daga titi, ta bar ƙusa ta yi tsatsa a kai, sannan ta yi zane. Ta jingina mana ayyuka uku a bango. Na farko Ikarus ne, yaron da mahaifinsa Didalus ya haɗa masa fukafukai da gashin tsuntsu da kakin zuma don su tsere daga tsibirin Kirit, ya ƙi jin gargaɗi ya kusanci rana, kakin ya narke ya faɗa teku. A zanenta babu teku. Yaron yana faɗowa ne tsakanin benaye biyu, ƙarƙashinsa tankunan dumama ruwa da eriyoyin talabijin da suka cika rufin gidajen Atens, wata mata kuma tana shanya a baranda ba ta ko ɗaga kai ba. Na biyu Sisifus ne, wanda aka yanke wa hukuncin tura dutse zuwa kan tudu yana gangarowa har abada, amma ta ba shi amalanken kanti cike da tsofaffin ƙarafa. Wannan ban nemi bayani ba, domin da safiyar ranar na ga mutane suna tura irinsa a titi, kuma a Kano 'yan jari-bola muke kiran su. Na uku Fenelofi ce, wadda ta jira mijinta Odisiyus shekara 20 tana saƙa da rana tana warwarewa da dare, a nan kuwa tsohuwa ce a bakin taga da waya a cinyarta. Nan take fuskar mai masaukina ta faɗo mini.

Na tambaye ta ko ba ta jin nauyin ɗora waɗannan tsofaffin jarumai a kan datti da tsatsa. Ta ce ko na lura a gidan tarihi da ragowar jan launi a gashi da tufafin wasu mutum-mutumin. Na ce na lura. Ta ce mutanen dā fenti suke yi musu mai haske, farin dutsen da duniya take sha'awa abin da ya rage ne bayan ruwa da rana sun wanke shi, saboda haka tun asali abin da ake kira kyawun Girka ya riga ya sha lalacewa. Ta ƙara da cewa kowane yaro a ƙasar yana koyon waɗannan hikayoyi tun firamare, don haka idan ta zana Sisifus da amalanke, direban tasi da farfesa duk za su gane abin da take faɗa game da bashi ba tare da ta rubuta kalma ɗaya ba. Ta nuna mini a wayarta aikin wasu masu zane biyu 'yan Balensiya ta Sifen da ake kira PichiAvo, waɗanda suke zana gumakan Girka rubuce-rubucen titi suna ratsa jikinsu. Aikinsu yana da kyau da ƙwarewa, amma ni a ganina nata ya fi nauyi, domin su ado suke haɗawa, ita kuwa maƙwabtanta take zanawa.

Sauran kwanakin na yi su a ƙasa, ina bin unguwannin Gazi da Keramikos da Eksarkiya. A Eksarkiya, unguwar ɗalibai da masu zanga-zanga inda aka yi boren kwalejin fasaha na 1973, na ga wani aikin WD na wani marar gida da ke kwance ya miƙe tsawon bango guda. 'Yan sanda suna tsaye rukuni-rukuni a bakin unguwar, abokina ya ce in riƙe fasfona a aljihun gaba, amma babu wanda ya tare mu. Ba duk abin da na gani ne ya burge ni ba. Akwai bangayen da aka zana wa kwalkwalin jarumi ko fuskar Medusa mai gashin macizai don kawai a jawo masu cin abinci, kuma ana gane su da sauri, domin bangon nasu a goge yake tas, zanen bai san ginin da yake kai ba.

A jirgin dawowa na yi ta tunanin abin da muke da shi. Muna da zanen gidaje na Zariya da Kano da dagin da ake yi a saman ƙofa, muna da masu fentin bayan manyan motoci da ke zana zaki da dawaki, muna da ganuwar da take zaizayewa a idonmu, muna kuma da hikayoyin da kowane yaro ya sani. Na sauka Abuja da sanyin safiya, na kwana ɗaya, na kama hanyar Kano. Da na nuna wa mahaifiyata kwandalar, ta riƙe ta nesa da fuskarta ta ce, "Ikon Allah, wato har a kuɗi suke sa ta?" Na ce, "Har a kuɗi, Hajiya."

A makon da na koma aiki na nuna wa 'yan aji biyar hotunan, na ba su labarin Sisifus da amalankensa. Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai mu ma muna da rijiyar Kusugu, wadda maciji ya hana a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. A layinmu ma famfo sai ya yi sati bai kawo ba." Shugaban makaranta ya ba mu bangon bayan ɗakin gwaje-gwaje, wanda wata doguwar tsaga ta ratsa daga sama har ƙasa. Mun zana bakin rijiyar da guga da igiya, da layin jarkokin 'yan garuwa masu ruwan ɗorawa suna jira. Da yaran suka kawo siminti za su cike tsagar, na ce su ajiye shi, muka bi ta da baƙin fenti ta zama gadon bayan macijin. Saura kansa, wanda muka bari sai an dawo daga hutu.